Filin Tambaya da Amsa: Igiyar da na sauke gungume da ita, zan iya hawa da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni sana'ata sassabe da rage rassan manyan bishiyoyi, shekara ta uku kenan ina yi. Igiya ɗaya gare ni mai kyau, an rubuta a jikin kwalinta wai tana ɗaukar sama da tan biyu, da ita nake hawa kuma da ita muke sauke rassa in akwai rufin gida a ƙasa. To kwanaki muna sauke wani gungume da bai fi kilo 150 ba sai ya fizge ta da ƙarfi har bishiyar ta girgiza, igiyar dai ba ta tsinke ba amma wani wuri a jikinta ya yi tauri yana sheƙi. Abokin aikina ya ce in daina hawa da ita, ni kuma ina ganin tunda tan biyu take ɗauka me kilo 150 zai mata? Don Allah a warware mana.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya abokinka ya fi ka gaskiya, kuma ka gode masa. Kar ka sake ɗora ranka a kan wannan igiyar, ko da sau ɗaya ne.

Bari mu fara da lambar nan da ta ruɗe ka. Tan biyun da aka rubuta ba nauyin da za ka riƙa ɗora mata ba ne, nauyin da take tsinkewa a kai ne, kuma tana sabuwa dal, babu ƙulli a jikinta, inji yana jan ta a hankali a ɗakin gwaji. Kai kuwa a kan bishiya babu ko ɗaya cikin waɗannan. Da ka ƙulla ta ƙarfinta ya ragu, wani ƙullin yakan ci kashi ɗaya cikin uku, wani ma har kusan rabi, saboda zaren da ke bayan lanƙwasar shi kaɗai ke shan wahala na ciki yana hutawa. Shi ya sa masu wannan aiki da yawa suke raba lambar kwali gida goma, kashi ɗaya shi ne nauyin aiki. Igiyar tan biyu kenan kilo 200 ne rabonta, ka ga gungumenka ya riga ya kusa kai ta bango tun bai motsa ba.

Sai kuma fizga, wadda ita ce ainihin matsalar. Gungumen da ke rataye shiru nauyinsa kawai igiya ke ji, amma wanda aka yanke sama da inda aka ɗaure fuli, wato ƙaramar tayar da igiya ke bi ta kanta, ya faɗo mita ɗaya ko biyu kafin igiya ta cafke shi, wannan ƙarfin da yake dukanta da shi yana iya ninka nauyinsa sau da yawa, musamman in wanda ke ƙasa ya riƙe igiyar gam bai bar ta ta ɗan gudu ba. Kuma akwai abin da mutane ke mantawa, shi fulin da ke sama biyu yake ɗauka, ɓangaren gungume yana ja ɓangaren mai riƙewa ma yana ja, to reshen da ka ɗaura fulin a kai kusan ninki biyu yake sha. Girgizar da ka ce bishiyar ta yi daga nan ta fito. Ni a wurina ma reshen ya fi ba ni tsoro a kan igiyar, don igiya sau da yawa ana ganin lalacewarta da ido, reshe kuwa sai ya yi kyau a waje ciki ya ruɓe, kai kuma kana maƙale a jikin bishiyar.

Wurin nan da ya yi tauri yana sheƙi, narkewa ya yi. Yawancin igiyoyin nan da foliyesta ake yinsu, zafin da ke narka ta wajen digiri 250 ne, kuma gogayyar igiya da ɓawon itace in tana gudu da nauyi a kanta tana kai saman zaren wannan zafin cikin daƙiƙa kaɗan. Zaren da ya narke ya daskare ba ya komawa yadda yake. Masu amfani da igiyar da aka yi da wani irin zare mai suna Dyneema ma su ƙara kula, tana da ƙarfin gaske amma tun wajen digiri 145 take narkewa, ba ta son guga ko kaɗan.

A Amurka ƙa'idar aikin bishiya da ake kira ANSI Z133 ta ce igiyar hawa tana sabuwa kar ƙarfinta ya gaza fam 5,400, wajen kilo 2,450 kenan, alhali mai hawan bai fi kilo 100 ba da kayansa. Wannan ratar duk don rai aka bar ta, kuma igiyar da aka taɓa sauke kaya da ita ta fita daga layin hawa. A Birtaniya kuma dokar LOLER ta 1998 ta wajabta wani masani ya binciki kayan hawa duk wata shida a rubuta. Ba sai doka ta tilasta ka ba, ka samu igiya biyu masu launi daban yadda ko yaron aikinka ba zai rikita su ba, ta hawa daban ta sauke kaya daban, jakarsu ma daban. Ita wannan da ta ƙone ka yanke wurin ka jefar, ragowar in ka bi ta da hannu taku-taku ba ka ji kumburi ko wurin da ya sirance ko ya yi laushi ba, a bar ta wa ƙananan rassa.

Sannan ka rage girman abin da kake yankewa. Ɗanyen itace yana da nauyi fiye da yadda ido ke gani, gungume mai faɗin santimita 40 da tsawon mita ɗaya yana iya haura kilo 100, kuma ina zargin naka ma ya fi 150 ɗin da ka ƙiyasta. Yanka uku ƙanana sun fi ɗaya babba, ko da rana za ta yi. Shi kuma na ƙasa ya koyi sakin igiya a hankali ta kan ƙarfen birki da ake ɗaurewa a gindin bishiya, gungumen ya rage gudu kaɗan-kaɗan kafin ya tsaya, kar ya naɗe ta a hannunsa ko a ƙugunsa.

Tambaya: Malam, ni kuma ƙugiyar nan mai makulli ta alminiyam da nake hawa da ita, ya halatta in sa ta wajen sauke kaya? Kuma igiya in ta yi datti ana wanke ta?

Amsa: Ka bar ta alminiyam wa hawa kawai, sauke kaya na ƙarfe ake sa wa, ko ma a ɗaure gungumen da igiya kai tsaye. Ƙarfin ƙugiya a tsayenta yake, in ta juya nauyi ya hau kan ƙofarta abin da za ta ɗauka bai kai rabi ba, kuma gungume in yana lilo juya ta yake yi. In ƙofar ba ta rufe kanta ta kulle da ka sake ta, ko igiya ta ci jikinta ta yi rami, to ta gama aiki.

Wanki kuwa ana yi, har ma ya kamata, don yashin da ke shiga tsakanin zare yanka shi yake daga ciki. Ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi da sabulu mara kaifi, banda bilic, a shanya a inuwa ta bushe sarai kafin a sa a jaka. Kuma kar ka ajiye ta wuri ɗaya da batirin mota, ruwan batir yana cinye nailan ba tare da ya bar wata alama da za ka gani ba, injin zarto da galan ɗin fetur ma ka nema musu wani gefen.