Re: Wai kogon Ain Hit na cikin mafi zurfi a duniya?

Ɗan uwa ka tambaya ko Ain Hit ɗin nan na kusa da Riyad yana cikin kogunan dutse mafi zurfi a duniya, gaskiya ko kusa bai kai ba. Manyan suna Abkhaziya can bakin tekun Bahar Aswad, Veryovkina da Krubera, kowanne ya haura mita 2,000. A Krubera aka fara wuce wannan zurfin a 2004. Masu shiga da igiya suke sauka, su yi makonni a ciki ga sanyi ga duhu, kuma ruwa ne babban haɗarin, a 2018 ambaliya ta taso musu a Veryovkina da kyar suka sha. In yawo kake so kawai ka je kogunan dutsen Jabal Ƙara a Ahsa, gabashin Saudiyya, da iyali, can ba ruwanka da igiya.