In na saki jagorata kyauta, wani ya ɓata ta da sunana fa?

Tambaya: Malam, ni mai haɗa sola ne a Aboabo, Kumasi. Na rubuta jagora da Hausa mai shafi 40 kan haɗa batir da inbata, ina so yaran Zango su samu kyauta. Tsorona kada wani ya canza kaurin waya ko girman fiyus, ya yaɗa a WhatsApp da sunana a kai, ɗakin wani ya kama wuta a ce ni ne. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, tsoronka yana kan hanya. Sa wa jagorar lasisin CC BY-SA 4.0 na ƙungiyar Creative Commons, wato rubutaccen izini da ke bai wa kowa damar kwafa da gyara aikinka bisa sharuɗɗa. A ƙarƙashinsa, duk wanda ya taɓa rubutun dole ya bayyana cewa ya yi gyara, ba shi da izinin nuna kamar ka sa wa gyaransa albarka, kuma in ka nemi ya cire sunanka sai ya cire. Wanda ya saɓa, izininsa ya faɗi nan take, sai in ya gyara cikin kwana 30 da gane saɓawar. In kana son wanda ya fi tsauri, akwai wani lasisin mai suna GFDL na ƙungiyar Free Software Foundation, da ya fito a 2000 don littattafan jagora musamman: mai gyara sai ya sauya take, ya sa sunansa, ya rubuta shekara a sashen tarihi, ya goge sashen amincewar da aka yi wa asalin. Wahalarsa, kowane kwafi sai ya tafi da cikakken rubutun lasisin.

Abin da nake roƙonka kada ka yi shi ne abin da kusan kowa ke yi: a rubuta "fisabilillahi, kowa ya ɗauka" a shafin farko, a ce an gama. Niyya ce mai kyau, Allah ya ba da lada, amma ba sharaɗi ko ɗaya a cikinta. Ranar da wani ya mayar da waya mai milimita 16 zuwa 6 ya bar sunanka, in ka tare shi zai ce ai kai ka ce kowa ya ɗauka. Wane layi za ka nuna masa? Makarantar da ke tsoron doka kuwa za ta ƙi bugawa, don ba ta san iyakar izinin ba. Masu cewa lasisi yana rage ladan sadaka su ji tsoron Allah. Wanda ya haƙa rijiya ya yi mata murfi bai hana kowa ruwa ba, ƙazanta ya tare. Haka kuma kada ka saurari masu yawo suna cewa sai ka biya su sun yi maka rajista kafin ka mallaki aikinka. Dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005, mai lamba 690, ta kare rubutunka tun ranar da ka rubuta shi. Rajista hujja ce kawai.

Sa sunanka, sunan lasisin, lambar bugu da kwanan wata a ƙasan kowane shafi, don a WhatsApp hoton shafi ɗaya ake turawa, bango ya tsaya a baya. Ajiye asalin a adireshin intanet guda, ka rubuta adireshin a wurin. Ka yi shawara sosai kafin ka saki, domin lasisin nan ba a janye shi daga kwafin da ya riga ya fita.