Ku Tambaya Mu Amsa: Wai hoto ɗaya tak ya fi kuɗin biki biyar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya, da fatan an tashi lafiya. Ni mai hoto ne, shekarata 4 ina ɗaukar biki da suna da firi-wedin, ina zama a wani situdiyo a Zoo Road. Kwanaki naga wani a Instagram wai shi mai hoton fasaha ne, hoton wani tsoho a bakin karofi kawai ya saka amma kuɗin da ya yanka masa ni sai nayi biki biyar ban haɗa ba. Dan Allah meye bambancinmu, kyamara ce ko Turanci? Kuma ana cin abinci da abin ko dai burga ce?
Ƙaninka daga Kurna

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanina. Turancin ma yana ciki kaɗan kam, bazan ɓoye maka ba, amma ba kyamara bace. Duba waye ya saka aikin. Kai uwar amarya ce ta kiraka, ita zata ce a haska fuska, a rage tumbin ango, a goge kishiyar can da ta leƙo ta gefe, ka miƙa album ta biyaka cikon kuɗinka (in Allah ya taimakeka) an rabu. Shi kuwa babu wanda ya aikeshi, wani abu ne ya tsaya masa a rai yake ta binsa shekara da shekaru har hotunan su taru su zama magana ɗaya.

Kaji labarin J.D. Okhai Ojeikere? Ɗan Najeriya ne, a Legas ya zauna, shima aikin talla da situdiyo yake ci da shi kamar kowa. A 1968 ya fara ɗaukar kitson mata, kitso fa kawai, yawanci ma ta ƙeya yake ɗauka ba'a ganin fuska, baƙi da fari, bango fayau babu fulawa babu labule, yana rubuta sunan kowane kitso da inda ya samoshi har ya tara wajen guda 1000. Sai a 2000 aka yi masa babban baje koli a Paris, lissafa kaga shekara nawa kenan. A 2013 aka nuna su a baje kolin Benis na Italiya, shekara na zagayowa ya rasu. Toh wannan shine aikin, kuma da yawa a nan suke gudu dan babu mai tafa maka a shekarar farko.

Wanda ma yafi kama da kai shine Malick Sidibe na Bamako. Mai hoton fati ne, da dare ya hau keke ya zaga inda samari ke rawa, ya dawo ya wanke, da safe su zo su zaɓa su biya. Bai jefar da fim ɗinsa ba, yana jere a kwalaye. A 2007 Benis ɗin nan suka bashi kyautar Zakin Zinare ta aikin rayuwa, mai hoto na farko da ya samu. Abinda ke min ciwo kenan da Kano. Na taɓa zuwa wajen wani dattijo da yayi situdiyo tun zamanin soja ina neman hoton ɗaurin auren mahaifina, ya jawo wata Ghana-must-go daga ƙarƙashin gado, muna buɗewa fim ɗin duk ya manne da juna saboda yoyon damina, na ɗaga ɗaya a hasken taga sai rabin rawani da kan doki kawai nake gani, sauran gara ta gama da su. Yace ai bai ɗauka wani zai tambaya ba. Kai yanzu ina hotunan bikin da ka ɗauka shekara 3 baya, ko ka goge memori dan ka samu waje?

Maganar kuɗi kuma. Yadda suke yi, hoto ɗaya sai a ƙayyade kwafi, misali 5 ko 10, mai hoton yasa hannu ya rubuta 1/5, 2/5, in sun ƙare sun ƙare ko nawa za'a bashi bazai ƙara wankewa a wannan girman ba, ƙarancin ne ke ɗaga farashi. Galarin (gidan baje koli da sayar da kayan fasaha) da ya sayar maka kuma yawanci rabi yake ɗauka. Akwai na can sama, a 2011 an yi gwanjon hoton wani kogi na Bajamushe Andreas Gursky dala miliyan 4.3, kogi da ciyawa kawai, kuma shima goge mutane da gini yayi da kwamfuta, kaga ba kai kaɗai ke goge kishiya ba. Amma kada wannan ya ruɗeka, mafi yawansu da koyarwa da aikin jarida da tallafin gidauniyoyi suke riƙe gida. George Osodi sai da yayi shekaru yana yiwa kamfanin labarai na AP aiki, shine ya zaga yana ɗaukar sarakunan Najeriya har da marigayi Ado Bayero. Shi wancan na Instagram ɗin ma sa farashi daban, sayarwa daban.

Dan haka kada ka bar biki. Ka zaɓi abu ɗaya da ka sani ciki da bai. Ni dai na gaji da hoton almajiri da roba, wlh an maimaita har ya gundura, kuma yawanci ko izinin yaron ba'a nema. Hawan Daushe ma kowa yana can da kyamara. Amma wa ya zauna da masu ɗinka kayan doki a Kurmi wata biyu kafin sallah? In ka tara kamar 20 masu kyau ka rubuta bayani gajere ka tura LagosPhoto, baje kolin hotuna na Legas, tun 2010 ake yinsa, ko na Bamako da ake yi duk shekara biyu tun 1994.

TAMBAYA: Malam ni mace ce, waya kawai gareni, kuma a gida baza'a barni yawon titi ba. In haƙura?
'Yar'uwarka daga Gwale

AMSA: Haba Hajiya, haƙurin me. Fati Abubakar ta Maiduguri aikin jinya ta karanta, a 2015 ta buɗe Bits of Borno a Instagram tana nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwa da bukukuwa lokacin da duniya bom kawai ta sani a garin, har jaridun waje suka neme ta. Ke kuma inda kike shiga ni ko da kyamarar miliyan goma a soro zan tsaya, wajen kamu, wajen lalle, gidan mai kitso, tsakar gida ranar girkin suna. Ki nemi izini kafin ki ɗauka, ki sake nema kafin ki ɗora, wadda mijinta bai yarda ba ki ɗauki hannu da ƙunshi ki bar fuska. Ki goge gilashin wayar, ki kashe filta ɗin nan mai maida kowa Balarabiya, ki tsaya inda hasken ƙofa ke shigowa. Kuma ki ringa kwashe hotunan zuwa wani waje duk sati, kin san halin masu ƙwacen waya a garin nan.