Tafiyar shaƙatawa a jirgin ruwa: takardu a fayil ko a waya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni 'yar kasuwa ce, ina sayar da atamfa da leshi a kasuwar Balogun da ke Legas, gidana yana Agege. A watan Yuli ni da maigidana da 'yar yayata da nake riƙo, mai shekara 13, za mu yi tafiyar kwana bakwai a jirgin ruwan shaƙatawa. Zai tashi daga Barselona ta ƙasar Sifen, ya tsaya a Faransa da Italiya da Tunis, babban birnin Tunisiya, ya dawo Barselona. Maigidan ya ce zamani ya canja, komai yana waya, kada in tara masa takardu kamar mai zuwa kotu. Ni kuma na saba da Umra, inda nake zuba komai a fayil. Wa ke da gaskiya? Sannan fasfonsa zai ƙare a Nuwamba, ya ce ai da sauran lokaci.

Hajiya, daga Agege

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

A wannan gardama ke kika fi kusa da gaskiya, amma kada ki yi wa Alhaji dariya tukuna, shi ma yana da nasa rabon. Duk takardar da wani jami'i zai miƙo hannu ya ce a ba shi, ki riƙe ta a takarda. Waya kuma ta zama ma'ajiya ta biyu, wadda za a koma wa idan fayil ya ɓace ko ya jiƙe. Sai dai maganar da kika jefo a ƙarshen wasiƙarki ta fi gardamar taku nauyi, don haka da ita zan fara.

Fasfon da zai ƙare a Nuwamba ba zai yi wannan tafiya cikin kwanciyar hankali ba. Dokar ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai 29 da biza ɗaya ke shiga da mutum cikinsu, ta ce fasfo ya kasance yana da sauran wata uku bayan ranar da za a fita, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Ta wannan lissafi Alhaji ya tsallake da kyar. To amma yawancin kamfanonin jiragen shaƙatawa wata shida suke nema bayan ranar da tafiya za ta ƙare, kuma su ne masu ƙofa. Daga Yuli zuwa Nuwamba wata huɗu ne. Ya nemi sabo yanzu, ya cike ta intanet, ya je ofishin shige da fice na Ikoyi ko Festac ko Ikeja a ɗauki hotonsa da zanen yatsu. In da hali ya karɓi mai shafi 64 na shekara goma, ya huta. Kuma sai sabon ya fito za a nemi biza, domin a jikinsa za a manna ta, lambarsa kuma ita za a ba kamfanin jirgi.

Bizar kanta tana da tarko, kuma Tunis ce tarkon. Tunisiya ba ta cikin Shengen. Ranar da jirgi ya bar Italiya ya nufi can, a ido na hukuma kun fita daga Turai. Ranar da ya dawo Sifen, sabuwar shiga kuka yi. Mai bizar shiga sau ɗaya ya riga ya cinye tasa tun ranar da ya sauka a filin jirgin Barselona. Saboda haka a fom ɗin neman biza ku zaɓi shiga sau da yawa, ku haɗa da jadawalin jirgin wanda ya nuna tashoshin ɗaya bayan ɗaya don mai dubawa ya ga dalili. Idan fasfo ya dawo, kada murna ta hana ki buɗe shafin ki karanta: a layin adadin shiga ki ga an rubuta MULT ko 02, ba 01 ba. Ki duba ranar farawa da ranar ƙarewa da yawan kwanakin da aka ba ku, ki lissafa har da kwanan da za ku yi a otal kafin hawa jirgi da bayan sauka. Ana neman bizar ne a wajen ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, in kwanakin sun zo daidai sai ƙasar da za a fara shiga. Kuɗinta Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ban da na cibiyar da ke karɓar takardu, kuma ana iya nema tun saura wata shida. Lokacin bazarar Turai layi yana tsawo a Legas, kada ku jira Mayu.

Game da Tunis ɗin, ki rubuta wa kamfanin jirgin ko ejan ɗin da ya sayar muku da tikiti, ki ce masu fasfon Nijeriya ne ku, me ake bukata a wannan tasha. Ki nemi amsa a rubuce, ki buga ta ki sa a fayil. Kada wani ya ce miki ai ba sai kun sauka ba, ku yi zamanku a ɗaki. Ka'idar da kamfanoni suka fi bi ita ce fasinja ya cika sharuɗɗan kowace ƙasar da jirgi zai tsaya, ko zai sauka ko ba zai sauka ba. Wanda bai cika ba a bakin tasha ake mayar da shi, kuɗinsa kuma ba ya dawowa.

Sai sunaye, inda mu Hausawa muka fi kowa shan wahala. Mutum ɗaya ne, a fasfo Muhammad, a tikiti Mohammed, a katin banki Muhammadu. A'isha a nan, Aishatu a can. Wani kuma ejan ya mayar da sunan mahaifi ya zama na farko. Ki ajiye fasfo uku a kan tabarma, ki ɗauki tikitin jirgin sama da takardar jirgin ruwa da inshora da takardar otal, ki bi harafi harafi, har da ranar haihuwa. Abin da ke fasfo shi ne gaskiya, sauran duk su za a gyara. Gyaran harafi ɗaya wata biyu kafin tafiya saƙon imel ne kawai. Ranar tafiya kuwa yana iya cin kuɗi, ko ya ci tafiyar gaba ɗaya.

Yarinyar ita ce za a fi yi muku tambaya a kanta. Riƙo a wurinmu abu ne da ba ya bukatar bayani, 'yar yayarki 'yarki ce. Jami'in Turai bai san wannan ba. Abin da zai gani shi ne ƙaramar yarinya tare da manya biyu da sunansu bai yi daidai da nata ba, kuma an horar da shi ya yi zargin safarar yara. Ki tanadi takardar haihuwarta ta hukumar ƙidayar jama'a, da takardar amincewar iyayenta biyu wadda ta ambaci sunanki, lambar fasfonki, ranakun tafiya da ƙasashen da za a je, a yi ta a matsayin rantsuwa a kotu ko a gaban lauya mai hatimin tabbatar da takardu. A haɗa da kwafin katin shaidar iyayen da lambar wayarsu, a kuma rubuta cewa an yarje miki ki sa hannu idan ta bukaci magani. In ɗaya daga iyayen ya rasu, takardar shaidar rasuwa. Wasu kamfanoni suna da nasu fom na musamman kan haka, ki tambaya. Waɗannan duka na asali ake nunawa, mai hatimi da sa hannu. Hoto a waya ba ya maye gurbinsu, a nan hujjar Alhaji ta rushe.

Haka katin rigakafin shawara, yalo kat ɗin nan na hukumar lafiya ta tashoshi. Allurar tana fara aiki a takarda kwana goma bayan an yi ta, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Tunda kin yi Umra wataƙila naki yana nan, ki duba ko lambar fasfon da ke jikinsa ta yanzu ce. Ki maƙala kowane kati a cikin fasfon mai shi.

Inshorar da ake nema don biza dole ta kai Yuro 30,000. Ki karanta ta da kyau, domin wata iyakarta ƙasashen Shengen, ba ta san Tunis ba, ba ta san tsakiyar teku ba. Likitan cikin jirgi kuma kuɗi yake karɓa, ba kaɗan ba.

Yanzu tsarin fayil. Kada ki jera takardu bisa irinsu, ki jera su bisa ƙofofin da za ku bi. Na filin jirgin Murtala Muhammed a sama, tikitin zuwa da dawowa. Ƙarƙashinsu na jami'in shige da fice a Sifen: takardar otal, takardar jirgin ruwa, inshora, takardun yarinya. Sannan na tashar ruwa. Kamfani yakan buɗe rajista ta intanet makonni kafin tafiya, ku cike, ku buga takardar shiga jirgi ta kowa da takardun da ake liƙa wa akwati masu ɗauke da lambar ɗaki. Su na akwatin dole a takarda suke, ki buga su tun a nan Agege a shagon kwamfuta, amma kada ki liƙa sai kun sauka daga jirgin sama. Fayil siriri na roba mai zif ya isa. Ki yi kwafi biyu na shafin hoton kowane fasfo da shafin biza, ɗaya a jakar Alhaji, ɗaya a bar wa wani amintacce a gida.

Kuskuren da ya fi yawa a tashar ruwa shi ne a bar fasfo cikin babban akwati. Masu ɗaukar kaya suna karɓar akwatuna tun a waje, ba za ki sake ganinsu ba sai bayan sa'o'i a ƙofar ɗakinki, alhali ba a shiga jirgi sai da fasfo. Fayil, magani da caja su zauna a jakar hannu. Daren ƙarshe ma haka, domin ana fitar da akwatuna bakin ƙofa tun kafin a kwanta.

To ga rabon Alhaji. Ya ɗauki hoton kowace takarda a sarari, ya tara su wuri guda a cikin wayar kanta, ya tura wa wayarki, ya kuma tura wa imel ɗinsa. Abin da ke imel ko WhatsApp wanda ba a sauke ba, a teku babu shi, don intanet ɗin jirgi saye ake yi da tsada. Ya gwada tun a gida: ya kashe data ya ga ko za su buɗe. Ya sauke manhajar kamfanin kafin ku bar Legas, a nan ake ganin jadawalin rana da abin da aka kashe. Da jirgi ya bar gaɓa ku sa wayoyi a yanayin jirgin sama, in ba haka ba layinku zai kama na tauraron ɗan'adam ya lashe kuɗin da ke ciki. Wayar kuma ta kasance da makulli, tunda fasfon mutum uku ke cikinta.

A cikin jirgi za a ba kowa kati guda, shi ne makullin ɗaki, shi ne kuɗi, shi ake nunawa a fita da shiga. Ana haɗa shi da katin banki ko a ajiye tsabar kuɗi. Katin naira yana da iyakar abin da zai kashe a waje, ki tambayi bankinki, ko ki tafi da katin asusun dala. Tsabar kuɗi in ta kai Yuro 10,000 sai an bayyana wa kwastan a shiga Turai. Idan ɗayanku yana shan magani kullum, a bar shi a kwalinsa tare da takardar likita.

A wasu tafiye-tafiye jirgi yakan karɓi fasfo ya ajiye don jami'an tashoshi su duba, ya ba da rasit. Kada hankalinki ya tashi, a nan kwafin nan zai yi amfani idan kun sauka yawo. In fasfo ya ɓace a gari, sai rahoton 'yan sanda da ofishin jakadancin Nijeriya a Madrid ko Rum ko Faris don takardar tafiya ta gaggawa, kuma mai kwafi a hannu ya fi saurin samu. Kowace safiya kafin ku sauka, ki ɗauki hoton jadawalin ranar. A jikinsa akwai lokacin da dole kowa ya dawo da lambar wakilin kamfanin a wannan tasha, wanda shi za a kira idan an makara. Jirgi ba ya jiran wanda ya fita yawon kansa, don haka ki bi agogon jirgi, musamman a Tunis inda a watan Yuli agogonsu yake bayan na Italiya da awa ɗaya. Saboda wannan rashin jira ne nake ba ku shawara ku isa Barselona kwana ɗaya kafin ranar tashi, ku ƙara takardar otal ɗin wannan dare a cikin abin da za ku kai wajen neman biza.