Hilux mai giyar hannu ko mai otomatik: wacce za ta iya da hanyar gona?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina zaune a Kano, amma gonata tana ƙasar Doguwa, bayan dajin Falgore. Na tara 'yan kuɗi ina so in sayi Hilux 'yar Kwatano. Da damina za ta kai taki da iri, da kaka kuma ta ɗauko masara zuwa Dawanau. An nuna min guda biyu, duk ƙirar 2012 masu injin fetur, ɗaya giyar hannu, ɗaya otomatik. Yayana ya ce otomatik motar gayu ce, ba ta ɗaukar kaya, kuma in ta lalace sai dai a sayar. Dillali kuma ya ce duniya ta riga ta bar giyar hannu. Yawanci yaron da ke min aiki ne zai riƙa tuƙa ta, ni sai jefi-jefi. Wacce zan saya?

Amsa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a cikin neman, ya sa ka mori abin da za ka saya.

In duka biyun lafiyarsu ƙalau, ka ɗauki mai giyar hannu. Amma ba don dalilin da yayanka ya kawo ba, kuma ina so ka fahimci bambancin, domin shi zai hana ka asara ko wacce ka saya.

Otomatik tana ɗaukar kaya, tana kuma jan kaya. A Amurka, inda ake sayen a-kori-kura sosai, kamfanin Ford ya daina sa giyar hannu a F-150 tun bayan ƙirar 2008, kuma da waɗannan motocin suke jan tireloli na dawakai da jiragen ruwa. Ita ma Land Cruiser 79, wadda direbobin Agadez suka amince da ita a cikin Sahara, Toyota ta fito da mai otomatik ɗinta a 2023. To ka ga dillalin bai yi ƙarya ba. Sai dai maganarsa ta dace da sabuwar mota a ƙasar da mai gyaran giya yake kusa, kayan gyara kuma na asali ne. Kai kuwa motar da ta haura shekara 10 za ka saya, ba ka san wanda ya riƙe ta a baya ba, kuma za ka kai ta inda in ta tsaya, bakanike mafi kusa yana Tudun Wada.

Bari in nuna maka yadda kowacce take aiki, don a nan maganar take. A giyar hannu, abin da ke haɗa inji da giya faranti ne, shi muke kira kuloci. Fuskarsa irin ta takalmin birki ce, an yi shi ne don ya riƙa cinyewa a hankali. In ka ɗage ƙafa gaba ɗaya, farantin ya damƙe, inji da giya sun zama abu ɗaya, babu gogayya, babu zafi. A otomatik kuwa mai ne yake ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa giya. Ka ɗauka fanka biyu ne suna fuskantar juna a cikin rufaffen tulu cike da mai: inji yana juya ɗaya, ita kuma tana watsa mai ga ɗayar har ta juya. Wannan tulun shi ne kwanbata. Amfaninsa babba ne, don a lokacin tashi yana ninka ƙarfin inji kusan sau biyu, shi ya sa otomatik take tashi da kaya a kan tudu ba tare da ta ja baya ko ta mutu ba. Amma duk lokacin da fankar farko take gudu ta biyun tana jan jiki, wannan bambancin zafi yake komawa, zafin kuma man giya ne yake shanye shi.

Yanzu ka kwatanta da aikinka. Buhunan masara a baya, watan Nuwamba ko zafin Afrilu, hanya mai ramuka da ba za ka wuce gudun kilomita 20 ba, ga hawa ga yashi. Wannan shi ne yanayin da kwanbata ta fi dafa mai. Man yana bi ta wani bututu a cikin lagireta don ya huce, wato lafiyar giyar otomatik tana rataye da lafiyar lagireta. Mu kuwa a nan an saba ɗura wa lagireta ruwan rijiya, tsatsa ta toshe ta. Wani lokaci bututun ya huje, ruwa ya gauraya da man giya, ka zaro sandar awo ka ga abu kamar shayi mai madara. In ka ga haka, giyar ta riga ta tafi, ko da motar tana tafiya a ranar.

Abin da ya fi damuna da otomatik a wurinka shi ne ranar da za ta lalace. Kuloci in ya ƙare yana ba da sanarwa makonni kafin ya zaunar da kai: za ka taka totur inji ya yi ƙara, gudu bai ƙaru ba. Duk garin da ke da gareji akwai wanda zai sauke giya da safe, ya canza faranti da abin da ke matse shi da boris, ya mayar kafin magariba. Giyar otomatik kuwa sai an jona kwamfuta an karanta abin da ke damunta, kuma masu iya buɗe ta su haɗa daidai ba su da yawa ko a cikin Kano. Shi ya sa galibi maganar take ƙarewa a kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa, a sayo wata tsohuwar giyar a ɗora. Wannan kuwa cinikin biri a sama ne, don babu mai ganin cikinta sai an ɗora an taka.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da suke zama manya a daji. In batir ya mutu ko kik ya ƙi, mai giyar hannu mutum uku za su tura ta a giya ta biyu ta tashi. Otomatik ba ta tashi da turi, sai an samo wani batir. Sannan ba a ɗaura mata igiya a ja ta tafiya mai nisa inji a kashe, domin famfon da ke zagaya mai a cikinta inji ne yake juya shi. In dole sai an ja, a kwance farfela tukuna, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyi. Na sha ganin motar da matsalarta ta farko fam ɗin fetur ce kawai, aka jawo ta daga ƙauye, ta iso gareji da ƙonanniyar giya.

Maganar shan mai ba ta da tsawo. A ƙirar 2012 mai injin fetur na lita 2.7, giyar hannu 5 ce, otomatik 4. Mai giyar hannu ta fi sauƙin sha kaɗan in direban ya iya, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, wannan kaɗan ɗin ana jin sa a aljihu. A ƙirar da ta fara fitowa a 2015, wadda otomatik ɗinta giya 6 ce, tazarar ta ragu sosai.

To amma kada in ɓoye maka inda mai giyar hannu take da rauni, kuma ka riga ka ambace shi da bakinka: yaro ne zai tuƙa. Rayuwar kuloci a ƙafar hagun direba take. Akwai wanda zai yi shekaru da faranti ɗaya, akwai wanda zai cinye shi a kaka guda. Wata rana aka kawo min wata a-kori-kura da aka loda wa buhu 18, ta kafe a gindin wani hawa. Direban ya yi ta riƙe ta a rabin kuloci yana ba ta wuta. Tun kafin in leƙa ƙarƙashi warin ya gaya min komai, wari mai kama da ƙonannen gashi haɗe da roba. Da muka sauke giya, farantin ya cinye har kusoshinsa sun fito sun karce filawil, wato faifan ƙarfen inji da farantin ke damƙa, shi kuma filawil ɗin ya yi dabbare-dabbare shuɗi saboda zafi. Mai motar ya ce kayan da aka sa masa jabu ne. Ba jabu ba ne, lodi ne da ƙafa.

Don haka ka riƙe wannan lissafin: nauyin da aka ƙera Hilux ta ɗauka bai wuce wajen tan 1 ba, kuma har da mutanen da ke ciki. Buhun masara kilo 100 ne. In mai ƙofa huɗu ce, da direba da masu lodi biyu, buhu 7 zuwa 8 shi ne haƙƙinta. Na san ana loda ninkin haka a hanyar Saminaka kullum, na kuma san motocin da ake yi wa haka, don a garejinmu suke kwana. Sawu biyu ya fi maka arha a kan sifirin da ya karye da kulocin da ya ƙone. Wannan dokar ba ta san giyar hannu ko otomatik ba.

Otomatik tana da wuraren da ta yi zarra, kuma adalci ne in faɗa. Duk wanda ya taɓa shiga cunkoson Kurna da yamma a hanyarsa ta Dawanau, yana taka kuloci yana saki sau ɗari, ya san yadda gwiwa take ji. Da a ce kai ne za ka tuƙa kullum, yawancin zirga-zirgarka a cikin gari, ko kana fama da ciwon gwiwa ko baya, da otomatik zan ce ka saya ba tare da shakka ba. A yashi da taɓo ma tana taimakon wanda bai ƙware ba, domin ba ta yanke ƙarfi lokacin canza giya, mai giyar hannu kuwa in ka taka kuloci a tsakiyar yashi, nan take mota za ta zauna.

Akwai tambayar da ba ka yi ba, kuma a ganina ta fi ta giya muhimmanci ga mai gona a Doguwa: shin duka biyun masu jan taya huɗu ne? Hilux da yawa da ke kasuwa tayoyin baya kaɗai suke ja, kuma a-kori-kura in ba kaya bayanta ba nauyi, ɗan taɓo kaɗan sai ta yi ta wulwula taya a wuri ɗaya. Ka duba ko akwai ƙaramar sandar giya ta biyu, wadda muke kira ogziliyari. In an sa ta a L4, ƙarfin da ke zuwa taya yana ninkuwa wajen sau biyu da rabi, mota ta riƙa tafiya kamar hawainiya, direba ya ɗage ƙafa daga kuloci gaba ɗaya. Ita ce maganin irin ƙonewar da na ba ka labari. Sai dai ba a tafiya da taya huɗu a kan busasshiyar kwalta, tana ɗaure farfela ta ci taya. In mai otomatik ce kaɗai take jan taya huɗu, to lissafin ya canza, ita zan ɗauka.

Kafin ka biya ko kwabo, ka je da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba. Mai giyar hannu, a ja birkin hannu, a sa giya ta uku, a saki kuloci a hankali. In inji ya mutu nan da nan, farantin yana da sauran rai. In ya ci gaba da aiki ƙafa a ɗage, ya ƙare, a rage kuɗinsa daga farashi. A hau titi a bi giya ɗaya bayan ɗaya, a saurari ko ta biyu tana gurza, a kuma saki totur kwatsam a ga ko sandar tana fita da kanta.

Mai otomatik ta fi buƙatar haƙuri. Ka nemi a bar maka ita da sanyin safiya ba a tayar ba, don tsohuwar giya tana ɓoye aibinta in ta ɗumama. Ka taka birki ka sa D: cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ya kamata ka ji ta kama, ba jinkiri, ba duka. Haka R. Ka zaro sandar awo ka shafa a farin ƙyalle. Lafiyayyen mai ja ne garau kamar zoɓo. In ya koma ruwan ƙasa ya tsufa, in ya yi baƙi yana warin ƙuna, ka mayar da makulli ka yi sallama. Sannan a yi tafiyar rabin awa har ta yi zafi, a sake gwadawa, a jona kwamfuta.

In ƙarshe otomatik ɗin ce ta zama rabonka, sharuɗɗana uku ne. A wanke lagireta ko a canza ta, a daina zuba mata ruwan rijiya, a kuma ƙara ƙaramar lagireta ta man giya a gaba. A riƙa canza man giya duk kilomita 40,000 saboda irin aikin da za ta yi, da ainihin nau'in da aka rubuta a sandar awo ko littafin motar, domin Toyota tana da man giya nau'in T-IV tana da nau'in WS, kuma ba a musanya su. Sannan a koya wa yaro cewa a gangara da kaya ana saukar da ita zuwa 2 ko L, inji ya riƙe mota, ba a kwanta a kan birki har ya yi zafi ya daina kamawa.

In kuwa mai giyar hannun ka saya, sawun farko na kai taki ka zauna a gaba kusa da yaron, tun daga Kano har gona. Kada ka kalli hanya, ka kalli ƙafarsa ta hagu. In ya canza giya ya sauke ƙafar daga kuloci, ka ba shi makulli. In ka ga tana kwance a kan kuloci yana tafiya, ko yana riƙe mota da shi a hawa maimakon birkin hannu, ka sa wani tsohon direba ya yi mako guda da shi kafin masara ta nuna.