Na'ana'ata Tana Yin Baƙi Kafin In Isa Kasuwa

Tambaya: Ina noman na'ana'a da ɗoɗɗoya a bayan gida a Hotoro, ina kaiwa kasuwar 'Yankaba da ke Kano. Kafin in isa ganyen ya yi yaushi, wani ma ya yi baƙi. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, galibi laifin leda ne. In ka wanke ganye ka cusa shi a leda da danshinsa, zafi ne zai dafa shi. Ka yi ban-ruwa da yamma, ka yanka bayan sallar asuba kafin rana ta fito. Wuƙa mai kaifi za ka sa, ka bar kamar yatsu huɗu daga ƙasa domin ta sake tofowa. Ka ɗaure ƙananan dami, ka jera a kwando ba tare da dannewa ba, sannan ka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara. A Maris da Afrilu, sai ka riƙa yayyafa wa buhun ruwa a kasuwa, ba ganyen ba.

Ɗoɗɗoya kuwa ba ta son sanyi. Firji ne ke baƙanta ta. Tsoma gindinta cikin ruwa a inuwa ya isa.

Masu shayi da masu zoɓo su ne kwastomominka na dindindin. Ka yi ciniki da su tun ana gobe za ka yanka, ka yanki daidai abin da suka nema.