Na ga giɓi a asusunmu, ma'ajiya kuwa sa'ar mahaifiyata ce

Tambaya: Fasto, ni ce sakatariyar zumuntar mata a majami'armu da ke unguwar Yelwa a Garwa. Da na haɗa lissafin wata uku na asusun taimakon marasa lafiya, sai na ga sefa dubu 35 ba su shiga ba. Ma'ajiyarmu dattijuwa ce, ita ta zauna da ni lokacin haihuwata ta fari. Ran Lahadi wata ta tambaye ni ko lissafi ya yi daidai, na ce mata lafiya lau. Tun ranar barci ya gagare ni. In na yi magana, ban yi rashin kunya ba? Shirun nan ba shi ne tawali'u ba?

Amsa: 'Yata, rashin barcin nan alheri ne, lamirinki ne yake aiki. Bari in fara da abin da ya fi ɗaci: "lafiya lau" ɗin da kika faɗa ba gaskiya ba ce, kuma shi ne abu na farko da za ki kai gaban Ubangiji, tun kafin ki duba na Mama ma'ajiya.

Mun taso da kunya da kawaici, tarbiyya ce mai kyau. Amma kunya ta kan dubi abin da mutane za su ce, tawali'u kuwa Allah yake duba. Kuɗin nan na matar da za a kwantar a asibiti gobe ne, a buɗe akwati a tarar babu. Shirunki ita zai cuta, kuma Mama ma ba zai rufa mata asiri ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ƙarshen shekara za a karanta lissafi gaban kowa.

Inda tawali'u yake shigowa shi ne yadda za ki je. Ki tuna abin da kika sani ke nan: lissafi bai cika ba. Ba ki san dalili ba. Wataƙila ta ba wata rance ta manta rubutawa, wataƙila ke ce kika tsallake layi, wataƙila kuma wata larura ce ta matse ta tana jin nauyin faɗa. Na sha ganin duka ukun.

A Matiyu 18:15-17 Yesu ya shimfiɗa hanya: ke da ita kaɗai tukuna, in ba ta saurara ba ki ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe maganar ta kai ga ikkilisiya. Yawancinmu daga ƙarshe muke farawa, mu faɗa wa kowa a bakin majami'a ban da mai maganar. Kada ki rubuta a zauren WhatsApp na zumunta, ko da habaici.

Ki je gidanta da yamma, ki durƙusa ki gaishe ta yadda kika saba, ki tambayi jikoki. Sa'an nan ki buɗe littafin a kan tabarma ki ce, "Mama, lissafin nan ya ɗaure mini kai, dubu 35 ban ga inda suka shiga ba. Ki taimake ni mu duba tare." Kin faɗi adadin, ba ki rage komai ba, kuma kin bar mata ƙofa. Annabi Natan ma da ya je nuna wa sarki Dawuda laifinsa a 2 Sama'ila 12, da labarin 'yar tunkiyar matalauci ya fara, amma bai fita ba sai da ya ce wa Dawuda shi ne mutumin da ya ƙwace tunkiyar. Abin da Afisawa 4:15 ke nufi ke nan da faɗar gaskiya cikin ƙauna.

In ta amsa cewa ta taɓa kuɗin, kada ki yi mata alkawarin ɓoyewa. Ki ce za ki raka ta wurin shugabar zumunta, ku tsara yadda za ta riƙa biya kaɗan-kaɗan. In ta yi fushi, ki yi haƙuri ki tashi, bayan kwana biyu ki koma tare da matar fasto. Ita kuma wadda ta tambaye ki, ki same ta ki ce kin yi gaggawar amsa, ana kan duba lissafin.